Tsakanin Tsohon Hannu Da Sabon Jini: Wa Ke Da Fili?

Gabatarwa

A daren Lahadi, 11 ga watan Fabrairu na shekarar 2024, mun sami kanmu a wani gidan kallon ƙwallo da ke garin Kalgo, inda muka je hutun ƙarshen mako wajen 'yan'uwa. A daren ne Nijeriya ta kara da Kwaddibuwa a wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka a birnin Abijan. Kamar yadda mai karatu ya sani, William Troost-Ekong ne ya fara zura ƙwallo a ragar masu masaukin baƙi, amma daga baya suka farke, suka kuma ƙara, aka tashi biyu da ɗaya. Da aka kashe janareto sai jama'a suka kwarara zuwa teburin mai shayi, inda aka buɗe sabon wasa wanda ba shi da alƙali, wato gardama.

Abin da aka fi tsayawa a kai shi ne Ahmed Musa. Mai horar da 'yan wasa na lokacin, José Peseiro ɗan ƙasar Fotugal, ya tafi da shi gasar a matsayin kyaftin, amma har aka gama bai sa shi wasa ba. Wani matashi ɗan kabu-kabu ya rantse cewa alhakin Musa ne ya kama mu, domin a cewarsa mutumin da ya ci Ajantina ƙwallo biyu a 2014, ya ci Aislan biyu a 2018, ya kuma buga wa ƙasar nan wasa fiye da ɗari, bai kamata a mayar da shi ɗan rakiya ba. Sai wani dattijo tela, wanda gemunsa ya yi fari fat, ya kurɓi shayinsa ya ce, “Ɗana, fili bai san gemu ba. Wanda ƙafa tai ka gudu shi aka sawa.”

Abin da ya ɗaure mana kai a daren nan shi ne, yaro ne ke kare tsoho, tsoho kuma ke kare yara. Wannan ya nuna mana cewa gardamar ta wuce son kai na tsara da tsara, ta kuma wuce ƙwallo. Tambaya ce da ke cikin kowane gida da kowace makaranta da kowace ƙungiya, har da tamu ta marubuta: idan wuri ɗaya ne, ga wanda ya daɗe yana hidima, ga kuma sabon da ya fi shi ƙarfi a yau, wa ya kamata a ba? Shi kuma wanda ba a ba ba, mene ne haƙƙinsa a kan mai rabon? Wannan shi ne abin da muke so mu ɗan tattauna a wannan maƙala.

Hujjar Kowane Ɓangare

Masu goyon bayan tsohon hannu suna da hujjoji guda biyu, kuma kowacce na da nauyinta. Ta farko ita ce ƙwarewa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A fagen wasa akwai sanin da ba a auna shi da gudu, kamar sanin lokacin da za a riƙe ƙwallo a kwantar da hankalin 'yan'uwa, da iya daurewa idan dubban 'yan kallo suka yi wa mutum ca. Yaro kuwa man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Hujja ta biyu ita ce halacci. Mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa, ya karye ya warke a kan aikin jama'a, idan aka yar da shi ranar da ƙarfinsa ya fara raguwa, to an koya wa na bayansa cewa hidima ba ta da lada. Kuma wanda ya ga an yi wa na gaba da shi haka, da wuya ya ba da zuciyarsa gaba ɗaya.

Su ma masu goyon bayan sabon jini ba a bar su a baya ba. Suna cewa wurin da ake jayayya a kai amana ce ta jama'a, domin rigar da ɗan wasa ke sawa ta ƙasa ce ko ta gari, kuma mai horarwa ba shi da ikon ya biya bashin kunya da dukiyar da ba tasa ba. Bugu da ƙari, suna tambaya: shi tsohon hannun, ina ya samo ƙwarewar tasa? Ashe ba wani ne ya taɓa jure kurakuransa lokacin da yake ɗanye ba? Ahmed Musa ɗin nan da ake magana a kansa yana ɗan shekara 20 aka tafi da shi gasar 2013 a Afirka ta Kudu, har ya ci Mali ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe. Shekara 11 kacal ta mayar da shi daga yaron da ake cewa a ba shi dama zuwa dattijon da ake cewa a ji tausayinsa.

Akwai kuma wani abu na uku da ba a cika faɗinsa a fili ba, amma gaskiya ta sa dole mu faɗa. Sau da yawa mukan zaɓi hujja ne bayan mun duba wane ne namu. Idan tsohon namu ne sai mu tuna da tsohuwar zuma, idan kuwa yaron ne namu sai mu ce a ba matasa dama. Duk wanda ke son ya yi tunani na adalci a kan wannan batu, sai ya fara cire sunaye, ya tambayi kansa ko zai yarda da hukuncin da ya yanke idan aka juya fuskokin.

Shin Sakamako Alƙali Ne?

Galibin masu gardama sukan kashe bakin juna da sakamako. Idan an ci, mai horarwa gwani ne mai hangen nesa, idan an sha kashi kuwa azzalumi ne ko wawa. Bari mu auna wannan ma'auni da misalai biyu daga tarihin ƙungiyar Super Eagles.

A farkon shekarar 2002, bayan Nijeriya ta zo ta uku a gasar Afirka da aka yi a Mali, an sallami Shu'aibu Amodu aka ɗauko Adegboye Onigbinde. A lokacin akwai saɓani tsakanin manyan 'yan wasa da hukumomin wasanni. Onigbinde ya tafi gasar cin kofin duniya ta Koriya da Japan ba tare da kyaftin Sunday Oliseh ko Finidi George ba, ya cika tawagarsa da sababbin fuskoki. Ajantina ta ci mu ɗaya da nema, Suwidin ta ci mu biyu da ɗaya, muka yi canjaras babu ci da Ingila, muka dawo gida tun a zagayen farko. Mutane suka ce ai ga irinta nan, wanda ya raina manya ya ga abin da ya gani.

Bayan shekara 11 sai Stephen Keshi ya yi kusan irin wannan. Ya bar Osaze Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya ɗauki 'yan wasa shida daga ƙungiyoyin cikin gida, cikinsu har da Sunday Mba da Godfrey Oboabona. Kyaftin Joseph Yobo ya shafe mafi yawan gasar a benci, yayin da Kenneth Omeruo mai shekara 19 ke tsaye a gurbinsa. Kafin a fara gasar an yi wa Keshi ruwan zagi. Amma da Mba ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, ya kuma ci wadda ta ba mu kofi a kan Burkina Faso ranar 10 ga Fabrairu, 2013, sai bakunan da suka zage shi suka koma yi masa kirari.

To, a nan ne muke so mai karatu ya tsaya ya yi nazari. Da a ce ƙwallon Mba ta daki turke ta dawo, shin shawarar da Keshi ya yanke makonni kafin nan za ta koma zalunci ke nan? Ta yaya abin da ya faru a cikin daƙiƙa ɗaya a Johannesburg zai sauya adalci ko rashin adalcin abin da aka riga aka aikata? Sannan kuma, a wasan nan da aka yi da Ingila a 2002, Onigbinde ya sa wani yaro mai shekara 19 daga ƙungiyar Enyimba ya tsare gida, bai kuma bari an ci shi ba. Sunansa Vincent Enyeama. Shi ne ya ɗaura kambun kyaftin a wasan ƙarshe na 2013. Shi ma Yobo da ya ɗaga kofin yana cikin samarin 2002. Ke nan wani sashe na itacen da aka zagi Onigbinde a kan dasa shi, Keshi ne ya sha inuwarsa.

Abin da wannan ke nuna mana shi ne, sakamako shaida ne mai rauni. Yakan zo a makare, sa'a kan gauraya da shi, kuma yakan faɗi abu biyu masu karo da juna gwargwadon ranar da aka tambaye shi. Saboda haka in muna son mu san ko mai rabo ya yi adalci, sai mu dubi abin da ya sani a ranar da ya yanke hukunci, da dalilin da ya sa ya yanke, da kuma yadda ya bi da mutanen da hukuncin ya shafa. Wannan na ƙarshen mun koye shi ne ta hanya mai ɗaci.

Laifin Da Muka Yi Da Hannunmu

Shekarun baya, a makarantar sakandaren da muke koyarwa a Gwandu, an ɗora mana kula da wasanni a kan darasin da muke koyarwa. Muna da wani ɗalibi ɗan aji shida, mai tsaron baya, wanda shi ne kyaftin. Shekara uku yaron nan shi ke ɗauko ƙwallo daga ofis, shi ke kai ta wajen mai faci in ta fashe, shi ke tara ƙananan yara su zana layin fili da toka. Sai ga wani yaro ɗan aji uku ya taso, wanda ko makaho ya ji motsin ƙafarsa ya san ya fi kyaftin. Aka shirya mana wasan sada zumunci da wata makaranta a Kalgo, wanda shi ne wasa na ƙarshe kafin 'yan aji shida su shiga jarrabawar fita.

Mun yi kwana uku muna juya abin a zuciya, muka yanke cewa ƙaramin ne zai buga. Sai dai mun kasa kiran babban mu gaya masa. Kunya ta hana mu, ko kuwa mu ce tsoro, domin kunyar da ke hana mutum faɗin gaskiya ƙanwar tsoro ce. Sai da muka isa Kalgo, yara sun kewaye mu a gindin wata bishiya, shi kuwa har ya ɗaure takalmi, sannan muka karanto sunaye goma sha ɗaya babu nasa. Bai ce uffan ba. Ya kwance kambun daga hannunsa ya miƙa wa mai tsaron gida, ya koma ya zauna kusa da jarkar ruwa. Muka ci wasan biyu da nema, ƙaramin yaron ya yi abin a zo a gani, muka dawo Gwandu ana waƙa a mota. Kowa ya ce Malam ya iya zaɓe.

Bayan wasu shekaru muka haɗu da shi a Birnin Kebbi, ya zama magidanci. Ya durƙusa ya gaishe mu kamar yadda ya saba. Da hira ta yi hira sai muka kawo zancen ranar nan, muna zaton zai yi dariya. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, wallahi ni ma na san ya fi ni. Da kun kira ni ofis kun gaya mani, da ni da kaina zan ɗaura masa takalmi. Abin da ya yi mani zafi shi ne a gaban yara na ji.” Tun daga ranar nan, in ji shi, bai sake taɓa ƙwallo ba.

Har gobe muna ganin zaɓen da muka yi daidai ne. Amma mun zalunci yaron nan, kuma ci biyun da muka yi bai goge ko ɗigo ɗaya na wannan zalunci ba.

Bashi Biyu Ne, Ba Ɗaya Ba

Daga wannan ne muka fahimci cewa masu gardamar teburin mai shayi suna cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai gurbi, akwai kuma girma. Gurbi na aiki ne, wanda ya fi iya aikin a yau shi ya kamata ya tsaya a cikinsa, ko yaro ne ko babba. A nan kuwa ya kamata a lissafa natsuwa da sanin makama a cikin iyawa, domin wani lokaci babban ne ya fi cancanta ko da ƙafarsa ta yi nauyi. Girma kuwa na mutum ne, ya riga ya saye shi da guminsa na jiya, kuma raguwar ƙarfi ba ta ƙwace shi.

A fagen kokawa irin wadda aka san ƙasar Kabi da ita, wannan matsala ba ta cika tasowa ba, domin ƙasa ce ke yanke hukunci. Wanda aka kayar kowa ya gani, shi ma ya ji a jikinsa. Amma duk inda mutum ne zai zaɓa tsakanin mutane, to ya ɗauki bashi biyu a wuyansa.

Bashin babba shi ne a gaya masa gaskiya baki da baki, a keɓe, kuma kafin kowa ya ji. A ambaci hidimarsa a gaban jama'a. A kuma ba shi wani aiki na gaske da ya dace da abin da ya rage masa, wato saninsa. Keshi ya san zafin wannan a jikinsa, domin a 1994 shi ne kyaftin amma bai buga wasan ƙarshe da Zambiya a Tunis ba, ranar da Emmanuel Amunike, wanda bai buga ko wasa ɗaya a gasar ba kafin nan, ya ci ƙwallaye biyun da suka kawo kofi. Wataƙila shi ya sa a 2013, ana saura 'yan mintoci a tashi, ya sa Yobo ya shiga fili, ya kuma bar shi ya ɗaga kofi. Duk da haka ba a daɗe ba Yobo ya fito yana ƙorafi a kafafen watsa labarai cewa an bar shi daga tawaga ba tare da an tuntuɓe shi ba. Wato ko gwanin da ya san ciwon, wani lokaci faɗin gaskiya ido da ido kan yi masa nauyi.

Bashin yaro kuwa shi ne a gwada shi da gaske, a kuma ba shi sararin yin kuskure. Iyayenmu manoma sun daɗe da warware wannan. A tsarin gandu, uba kan yanka wa ɗansa gayauna, wato 'yar gona tasa ta kansa da zai noma a lokacin da aka ware masa. In ya yi shuka a makare, shi zai ga abin da ya girba, amma rumbun gida bai tashi a wofi ba. A haka yake koyon yanke shawara kafin ranar da gandun duka zai dawo hannunsa. Mai horarwar da ke jefa yaro a babban wasa ba shiri, sannan ya ɗora masa laifi in an sha kashi, ya ci amanarsa. Haka shi ma wanda ke ajiye yaro a benci shekara da shekaru yana ce masa lokacinka na zuwa, har ƙuruciyar ta ƙare lokacin bai zo ba.

Wani zai iya cewa, ai wannan girman da kuke magana rarrashi ne kawai, an ƙwace wa mutum nama an bar shi da romo. Mun yarda cewa akwai gaskiya a cikin wannan suka. Babu irin lafazin da zai sa benci ya yi daɗin fili. Kuma idan aka ɗaura wa mutum kambu don a rufe bakin magoya bayansa alhali ba a jin shawararsa, to wannan ma wani nau'in raini ne da aka yi wa ado. Abin da kawai za mu ce shi ne, saukowa dole ce ga duk wanda ya hau. Abin da ke hannun mai rabo shi ne ko mutum ya sauko ta tsani ko a ture shi, kuma tsohon ɗalibinmu ya nuna mana cewa tazarar da ke tsakanin biyun tana da yawa ƙwarai.

Darasin Kalambaina

Ya zuwa yanzu mun yi ta magana a kan abin da ke kan mai rabo. To shi babban fa, babu abin da ke kansa? A nan mu mutanen Gwandu ba mu da bukatar zuwa nesa neman misali, ko da yake muna neman afuwa a kan kawo babban al'amari kusa da zancen wasa.

Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, ƙaninsa Malam Abdullahi yana da duk wata hujja da tsohon hannu zai iya kawowa. Ya girmi Muhammadu Bello da kimanin shekara 15, shi ne ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a 1804, kuma malami ne da ya wallafa littattafai masu yawa, har da Liya'ul Hukkami a kan sha'anin mulki. A nan babu zancen raguwar ƙarfi ko ƙarancin sani. Amma jama'ar Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a, kuma masana tarihi sun ruwaito cewa da Abdullahi ya iso sai ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ya juya, aka sami 'yan shekaru akwai sanyin dangantaka tsakanin baffa da ɗa.

Da tawayen Kalambaina ya tsananta wa Gwandu, sai Bello ya taso da rundunarsa ya kawo gudunmawa. Bayan an ci nasara suka haɗu a kan dawaki. An ruwaito cewa Bello ya yi haramar sauka domin ya gaida baffansa kamar yadda ƙarami ke yi wa babba, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi, ya kuma ba Giɗaɗo alkyabbarsa, alamar ya bar masa wazirci.

A dubi yadda kowannensu ya biya bashin da ke kansa a wuri ɗaya. Ƙaramin yana riƙe da gurbi, amma bai manta da girman babba ba, har ya nemi sauka daga doki. Babban yana da girma, yana kuma da hujja, amma ya sallama gurbin da bakinsa domin jama'a ta zauna lafiya. Wannan ya fi abin da muka faɗa a baya wuya, domin yana nufin wani lokaci babba kan janye alhali bai gaza ba. Ba kowa ke iya wannan ba, kuma ba a tilasta wa mutum shi. Sai dai duk babban da ya iya, ya sami wani girma da gurbin ba zai taɓa ba shi ba.

Mu Kuma Marubuta Fa?

Kada 'yan'uwa marubuta su ɗauka wannan zance na 'yan ƙwallo ne kawai. A gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 wadda Rupert East ya shirya, Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja, yayin da yayansa Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, ya rubuta Ganɗoki. An buga duka biyun, domin abin da aka duba shi ne rubutun. A shekarun 1990 kuwa an yi zazzafar muhawara a shafukan jaridu a kan littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, inda masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi ta musayar ra'ayi a kan darajarsu. Marubutan da ake wa kallon sababbin shiga a wancan lokaci, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, yau su ne manyan da ake girmamawa. A bayansu kuma ga wasu matasan sun taso suna rubutu a wayar hannu, ana yi musu irin kallon da aka yi wa na gabansu.

Shafukan mujalla kamar fili suke, ba su ɗaukar kowa a lokaci ɗaya. Saboda haka muna roƙon masu tace rubutu da su ba shafi ga rubutun da ya fi, ko na wane ne. In rubutun dattijo ya gaza, a je har gida a gaya masa cikin ladabi, kada ya buɗe mujalla ya nemi sunansa ya rasa. In na yaro ya gaza, a mayar masa da shi da gyara a rubuce, a kuma ware wa sababbi gayaunarsu a kowace fitowa. Su kuma manyanmu, babu abin da zai ƙara musu daraja kamar a ce wane ne ya duba wa wance littafinta na farko. Matasa kuwa su tuna cewa Ahmed Musa shekara 11 kawai ya yi tsakanin zama yaro da zama dattijo.

Kammalawa

Dattijon nan tela ya yi gaskiya da ya ce fili bai san gemu ba. Shi ma ɗan kabu-kabun ya yi gaskiya da zuciyarsa ta ƙi yarda a wulaƙanta wanda ya yi hidima. Kuskuren da muka yi a daren nan gaba ɗayanmu shi ne zaton cewa dole ɗayansu ne kawai ke da gaskiya, da kuma barin ci biyu da ɗaya ya raba mana gardama. Mu dai tun bayan haɗuwarmu da tsohon ɗalibin nan, ba mu sake karanta sunayen 'yan wasa a gaban yara ba sai mun fara kiran wanda za a bari, mun rufe ƙofar ofis, mun gaya masa da bakinmu. Har yanzu abin da nauyi, kuma ba mu sa ran zai daina nauyi ba.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a lokacinta, Ya sa mu sauka lafiya ranar da saukar ta zo kanmu, amin.